Daga Kwanon Koriya Zuwa Akushin Kaka: Yaushe Za Mu San Darajar Kayan Hannun Talaka?

Mai karatu, idan har yanzu takardar Naira ashirin tana samun wurin zama a aljihunka, ciro ta ka juya bayanta. Za ka ga wata mata ta duƙufa a kan aikin tukunya. Sunanta Ladi Kwali. Tun shekarar 2007 hotonta yake yawo a hannun masu sayar da ruwan leda da yaran mota da 'yan tireda, amma ƙalilan ne suka taɓa tsayawa suka tambayi yadda aka yi maginiyar tukwane daga ƙauye, wadda ba ta shiga ajin boko ba, ta samu gurbi a kuɗin ƙasa. Idan kuma ka juya Naira goma, za ka ga 'yan matan Fulani ɗauke da ƙoren nono. Su ba a rubuta sunansu ba, ballantana sunan wanda ya fafe ƙwaryar ya yi mata zane.

Tsakanin waɗannan takardu biyu akwai wani dogon labari da ya shafi duniya baki ɗaya, wato labarin kayan hannun talaka: tukunya da ƙwarya da bargo da akushi da kwando, waɗanda aka yi su domin amfanin yau da gobe, suka tsufa a kicin da zaure, daga bisani wasu al'ummomi suka farga cewa a jikinsu tarihinsu yake. Yau irin waɗannan kaya suna da manyan gidajen adanawa da masana da kasuwar gwanjo ta miliyoyi. Mu kuwa har yanzu muna auna namu a sikeli muna miƙa wa 'yan gwangwan.

Kwanon da ya zama dukiyar ƙasa

A birnin Kiyoto na ƙasar Japan, a wani sashe na gidan ibadar Daitokuji, akwai wani ɗan kwanon yumɓu da ake ajiyewa akwati cikin akwati, ba a fito da shi sai da babban dalili. Ana kiransa Kizaemon, da sunan wani attajirin Osaka da ya taɓa mallakarsa. A Koriya aka gina shi wajen ƙarni na 16, masu ladubban shan shayi na Japan suka ɗaukaka shi, ya riƙa wucewa daga hannun attajiri zuwa na basarake, har gwamnati ta sanya shi cikin jerin dukiyar ƙasa.

A 1931 wani masanin falsafa mai suna Yanagi Soetsu ya samu damar ganin kwanon da idonsa. Abin da ya girgiza shi shi ne rashin ƙawarsa. Bakinsa bai daidaita ba, ruwan ƙyallin da aka shafa masa ya kwaranya yadda ya ga dama, gindinsa kuma kaushi gare shi. A fahimtar Yanagi, kwanon cin shinkafa ne na talaka, irin wanda magini yake yin ɗaruruwansa ba tare da ya tsaya kallon ko ɗaya ba. Ya kuma yi imani cewa kyansa daga nan ya samo asali: hannun da ya maimaita aiki sau dubu yakan daina tunanin burge kowa, sai abin da ya fito daga gare shi ya zo babu ƙarya a ciki.

Wannan ra'ayi bai zo wa Yanagi a rana ɗaya ba. Tun daga 1868 Japan ta rungumi masana'antu da gudun tsiya, kayan inji masu araha suka cika kasuwa, jama'a suka fara jin kunyar tukwane da tufafin kakanninsu. Yanagi ya riƙa sammako zuwa kasuwannin tsofaffin kaya na Kiyoto yana tsintar abin da masu sayarwa da kansu suke kira tarkace. A 1925 shi da abokansa biyu magina tukwane, Hamada Shoji da Kawai Kanjiro, suka ƙirƙiro wa waɗannan kaya suna, mingei, ma'ana fasahar hannun talakawa. Suka kuma fayyace siffofinta: a yi ta da hannu, a yi ta da yawa, ta zama mai araha, jama'a su riƙa amfani da ita kullum, ta ɗauki kamannin yankin da ta fito, mai yin ta kuma ba shahararre ba ne. A 1936 suka buɗe gidan adana irin waɗannan kaya a unguwar Komaba ta birnin Tokiyo, wanda yau yake riƙe da kaya kimanin 17,000. Gwamnati ma ta biyo baya da dokar kare kayan al'adu ta 1950, sannan daga 1955 ta fara karrama gwanayen sana'a masu rai a matsayin taskar ƙasa, tana tallafa musu domin su koyar da na baya. Hamada yana cikin rukunin farko.

Sai dai akwai abin lura a labarin kwanon nan. A Koriya aka gina shi, a Japan yake zaune, sunan attajirin da ya saye shi yake amsawa, wanda ya gina shi kuwa babu wanda ya san ko wane ne. Mu riƙe wannan, domin za mu sake cin karo da shi.

Masu tsintar abin da aka zubar

Ba Japan kaɗai ta yi wannan farkawa ba, hasali ma an riga ta. A 1872 wani malami ɗan ƙasar Suwidin, Artur Hazelius, ya zagaya yankin Dalarna ya ga yadda rayuwar karkara take narkewa a gaban masana'antu da ƙaura zuwa Amurka. Ya fara da sayen siket ɗin ulu na wata baƙauya. Daga wannan tufa guda aka kafa tarin da ya zama babban gidan tarihin al'adun ƙasashen arewacin Turai a Stockholm. Da ya ga cokali da kujera ba sa ba da cikakken labari idan an raba su da ɗakin da suka rayu a ciki, sai ya shiga sayen gidajen manoma sukutum, ana kwance su ana sake harhaɗa su a kan wani tudu. Wannan shi ne Skansen, wanda aka buɗe a 1891, kuma ƙasashe da dama suka kwaikwaya.

A Amurka kuwa, akwai wani ƙauye a jihar Alabama da ake kira Gee's Bend, wanda kogi ya yi wa ƙawanya ta ɓangare uku. Mazaunansa baƙaƙen fata ne, jikokin bayin da suka yi noman auduga a wurin. Saboda talauci da sanyin hunturu, matan ƙauyen sukan yayyanka tsofaffin wandunan aiki da buhunan hatsi da ragowar yadi, su harhaɗa su yi barguna masu faci-faci. Shekara da shekaru babu wanda ya ɗauke su a bakin komai. A 2002 aka baje kolinsu a gidan zane-zane na birnin Houston, daga nan aka wuce da su New York, masana suka riƙa jera su da ayyukan manyan masu zanen zamani. A 2006 hukumar gidan waya ta Amurka ta buga hotunansu a kan sarki. Amma shekara guda bayan haka sai ga wasu daga cikin matan a kotu suna ƙorafin cewa ba su ga rabonsu yadda ya kamata daga dukiyar da bargunan suka jawo ba. An rufe shari'ar daga baya, amma tambayar da ta tayar tana nan: idan tsumman talaka ya zama zinariya, aljihun wa yake cika?

A jihar New Mexico kuma, wata mata mai hali, Florence Bartlett, ta ba da tarinta da kuɗinta aka buɗe gidan adana fasahar talakawan duniya a garin Santa Fe a 1953. Yau kayan da ke cikinsa sun haura 100,000, daga ƙasashe fiye da ɗari.

Hanyar da ta ɓullo Suleja

To, ina haɗin duk wannan da Naira ashirin? Cikin aminan Yanagi akwai wani Bature, Bernard Leach, wanda ya koyi ginin tukwane a Japan. A 1920 ya koma Ingila tare da Hamada suka kafa maginar tukwane a garin St Ives. Almajirinsa na farko shi ne Michael Cardew, wanda ya sha wannan aƙida ta girmama tukunyar talaka tun daga tushe. Bayan ya yi aiki a ƙasar da yau ake kira Gana, gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauke shi jami'in harkar tukwane a Najeriya a 1950.

Da Cardew ya zagaya Arewa yana nazarin yumɓu da magina, sai ya isa Abuja ta asali, garin da yau ake kira Suleja. A gidan Sarkin Abuja Alhaji Sulaimanu Barau ya tarar da wasu manyan tuluna da randuna da Sarki ya tara saboda kyansu, aikin wata mata Bagwariya daga ƙauyen Kwali. Wannan gaɓa tana da muhimmanci. Kafin Bature ya yaba, Sarki ya riga ya gani, ya saya, ya adana. Idon gane kyau ba daga waje aka kawo mana shi ba.

Cardew ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a garin, Ladi Kwali ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko. Ta zo da gwanintar da ta koya wurin gwaggonta tun tana yarinya: ta ɗora yumɓu, ta riƙa zagaya shi tana jan bango da hannu, sannan ta zane jikin tulun da kunama da ƙadangare da kada da hawainiya da kifi. A cibiyar aka haɗa wannan da ruwan ƙyalli da gashin wuta mai tsanani. Aka nuna aikinta a Landan a 1958 da 1959 da 1962, ta zagaya Turai da Amurka tana gini a gaban jama'a. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Yau tulunanta suna gidajen tarihi na Landan da Washington, kuma a gwanjo ana sayen guda ɗaya dubun-dubatar fam.

Amma ko a nan an biya farashi. Randar gargajiya tana sanyaya ruwa ne saboda jikinta yana tsattsafo, iska ta busa ta ɗebe zafin. Tulun da aka shafe da ƙyalli aka gasa ya yi tauri ba ya tsattsafo, ga nauyi, ga tsada. Sai ya tashi daga gindin bishiya a tsakar gida ya koma kan teburin falo. Sunan Ladi Kwali ya tsira, wanda abin farin ciki ne, amma dubban mata irinta da suka ci gaba da gina randar da ake sha, sun mutu babu wanda ya rubuta sunansu, sana'ar kuma tana bin su sannu a hankali.

Abin da ke salwanta a ɗakunanmu

Mu dawo gida. Wanda ya haura shekara hamsin zai iya tuna jeren ɗakin kakarsa: ƙore masu zane an jera su babba a ƙasa ƙarami a sama, da tasoshin tagulla na Bida, da adudu na ajiyar tufafi, da taskira ta auduga da mazari a ciki. Zai tuna baƙin akushin da ake zuba wa maigida tuwo a rufe da faifai, wanda yake riƙe zafi har bayan sallar lisha. Zai tuna tandun man shanu da na kwalli, da gafakar da malam yake sa Alƙur'ani, da allon zayyana na ranar sauka, da zabirar wanzami, da gwado da luru na sanyi, da rigar saƙi mai aska takwas wadda ɗinkinta kaɗai yakan ci watanni.

Jeren nan shi kansa littafi ne. Daga ƙwarya aka koma tasa, daga tasa aka koma langa da fanteka da samira, daga nan tangaram, yau kuma roba da kuloli. Wanda ya iya karanta wannan sauyi zai ga tarihin fatauci da shigowar kamfanonin Turawa da kuɗin gyaɗa da na man fetur, zai kuma ga yadda mata suka riƙa adana dukiyarsu a lokacin da ba su da asusun banki. Littattafan tarihinmu cike suke da sarakuna da yaƙe-yaƙe. Rayuwar manomi da masaƙi da mai furar kasuwa kuwa ba a rubuta ta a takarda ba, a jikin waɗannan kaya take. Idan suka tafi, shaidar ta tafi.

Kuma suna tafiya, ta ƙofa uku. Ta farko ita ce rabon gado: tsohuwa ta rasu, a raba zinariya da gida da gona, sauran kuwa a ce tarkace ne, a watsa a bayan ɗaki gara ta cinye. Ta biyu 'yan gwangwan, waɗanda suke sayen tasar da ta shekara tamanin da kuɗin nauyinta, a narkar da ita. Ta uku dillalai masu bin ƙauyuka, su ba da bokitin roba ko 'yan canji su karɓi tsohuwar riga ko sirdi, kayan su bi ta hannu da hannu har su ɓulla a shagunan Turai da shafukan intanet. A can 'yan kasuwa sun kasa kayan gida biyu: wanda ya cika shekara ɗari shi ne tsohon gaske mai tsada, wanda ya kai shekara ashirin zuwa sama kuma yana da nasa masu nema. Takardar da za a liƙa masa ba za ta wuce cewa daga Arewacin Najeriya ya fito ba, mai yi ba a san shi ba. Kwanon Kizaemon ke nan ya sake maimaita kansa.

Wannan ɓacewar suna ba sabuwa ba ce a gare mu. Jar fatar akuyar Sakkwato da majemanmu suka jeme ta ratsa Sahara ta shiga Turai da sunan fatar Maroko. Lokacin da matafiyi Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya yi mamakin yadda saƙa da rinin garin suke tufatar da jama'a har Tambutu da Tarabulus. A 1976 an yi babban baje kolin fasahar Hausawa a Landan, wanda David Heathcote, malami a Jami'ar Ahmadu Bello, ya tsara. Nawa ne daga cikin ɗalibanmu na yau suka taɓa riƙe turkuɗi ɗan Kura a hannunsu?

Wani zai ce ai kayan tarihi gumaka ne, Musulmi ba shi da haɗi da su. Wannan fahimta ta taimaka wajen nesanta jama'armu da gidajen tarihi. Amma akushi ba gunki ba ne, haka gafaka da allo da linzami. Akasarin fasahar Bahaushe zane ne na layi da kusurwa da dagi, kuma kaso mai yawa nata a hidimar karatun Alƙur'ani ta girma. Wanda ya adana gafakar kakansa, shaidar ilimin gidansu ya adana.

Inda doka ta tsaya

Gaskiya ne Najeriya ba ta zauna haka kawai ba. Akwai gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952, mai tarin tukwane daga sassan ƙasar nan, akwai Gidan Makama a Kano, akwai na Kaduna. A Yamai ta Jamhuriyar Nijar, gidan tarihi na Boubou Hama da aka kafa a 1959 ya yi abin koyi, domin ya ba maƙera da dukawa da masaƙa rumfuna a cikin harabarsa suna aiki suna sayarwa, mai ziyara ya ga tsohon kaya ya kuma ga hannun da ke yin sabo.

Sai dai hankalin hukuma da na 'yan jarida ya fi karkata ga manyan kayan fada, irin tagullan Benin da sojojin Ingila suka kwashe a 1897, waɗanda Jamus ta fara mayarwa a 2022. Wannan fafutuka daidai ce. Amma muna neman a dawo mana da abin da aka ƙwace da bindiga, alhali abin da ya rage a hannunmu muna bayar da shi da kanmu a kan farashin bokiti. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta fi ba da kariya ga aikin hannun da aka yi kafin 1918, ko wanda aka yi amfani da shi a wani bikin gargajiya. Akushin da aka sassaƙa a 1950, ko gwadon da aka saƙa a 1965, ba su da mai tsaya musu, ga shi kuwa su ne suka fi yawa, su ne kuma suke ƙarewa a idonmu.

Abin yi tun da sauran lokaci

Darasin Hazelius da Yanagi shi ne, ba gwamnati ce ta fara ba. Mutum ɗaya ne ya sayi siket, wani ya tsinci kwano, hukuma ta biyo sawu daga baya. Saboda haka aikin daga gida zai fara. Kowane gida ya ware abu biyu ko uku na kakanni ya ce waɗannan ba na sayarwa ba ne. Abin da ya fi ajiyar muhimmanci shi ne a zauna da tsofaffi tun suna raye a tambaye su: wa ya yi wannan, a wane gari, a wace shekara, nawa aka saya, a wane biki aka kawo shi? A rubuta a takarda a ajiye tare da kayan, a ɗauki hoto da waya. Tsohon kaya da ba shi da labari rabin darajarsa ta zube, a wurin masani da a wurin ɗan kasuwa baki ɗaya.

Masarautunmu su bi sawun Sarki Sulaimanu Barau, kowace ta keɓe ɗaki a fada ko kusa da ita domin kayan talakawan ƙasarta, ba kayan sarauta kaɗai ba. Sassan Hausa da tarihi da zane-zane na jami'o'i da kwalejojin ilimi su tura ɗalibai ƙauyukansu, kowa ya rubuta kundinsa a kan maginiya ɗaya ko masassaƙi ɗaya, da sunansa da salsalarsa da kalmomin sana'arsa, domin kalmomin ma suna mutuwa tare da kayan. 'Yan majalisa su sake duba iyakar 1918. Attajiranmu kuwa, waɗanda suke ƙawata falo da kayan Dubai da Sin, su sani cewa takwarorinsu na wasu ƙasashe da irin wannan tari suke barin suna.

Sannan mu saya daga hannun masu rai, mu biya su da daraja, mu kuma ambaci sunansu. Sana'ar da ba ta ciyar da mai ita, ɗansa ba zai gaje ta ba, komai yawan jawabin da za a yi a ranar al'adu.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Wataƙila a wannan makon, a wani lungu na Katsina ko Damagaram, ana share ɗakin wata tsohuwa da ta riga mu gidan gaskiya, ga ɗan gwangwan a ƙofar gida da sikelinsa yana jira. Kafin a miƙa masa, a samu mutum ɗaya a gidan da zai ce a dakata, ya tambayi wanda ya yi wannan akushi. Allah Ya sa a samu mai amsawa.